Goron da Na Kai wa Dattijo

Ku gyara zama, ni ba mai saurin magana ba ce. Abin da zan faɗa da ƙafafuna na taka shi, ni Dije mutuniyar Maradi, wadda ba ta taɓa zama a bencin lakkwal, wato makarantar boko, ba.

Jikana Lawali ne ya aiko mini da tikitin jirgi. Ni na goye shi bayan rasuwar uwarsa, a ɗakina ya tashi har ya fara zama saurayi, sannan ubansa Isuhu, ɗana, ya ɗauke shi zuwa Amurka. Can ya yi tsawo, ya yi faɗi, ya shiga wasan ƙwallon mutanen ƙasar, wanda ake sa hula mai tauri ana karo kamar raguna. Ya ce yana so in gan shi cikin rigar ƙungiyarsa kafin idanuna su ƙarasa dushewa. Na ce to.

An gaya mini ƙasar sanyi ce, don haka rabin jakata barguna ne. Da na fito daga filin jirgin New York sai iska ta buge ni kamar an buɗe tukunyar dambu. Zafi mai jiƙa jiki, ba irin namu mai busarwa ba. Na duba gabas, na duba yamma, babu Isuhu. Daga baya na ji ashe yana can wata ƙofa yana jirana. Salulata ta ƙi magana. Mutane suna wucewa ba mai sallama, ba mai kallon wani, kowa kamar an aike shi kiran ungozoma.

Ina tsaye sai ga wani mutum mai farar riga, yana murmushi, ya ce mini mama. Kalmar nan kaɗai ta sa na sake. Na faɗa masa sunan da na haddace tun daga gida, Staten Island. Ya gyaɗa kai, ya ɗauki jakata, na bi shi muka shiga motarsa. Muka yi ta tafiya tsakanin gidaje masu tsawon da wuyana ya gaji da bin su. Can ya tsaya a bakin wani babban gini, ya nuna mini ruwa, ya nuna jirgi, ya murza yatsunsa. Na kwance bakin zanena. Ya zaɓi abin da ya zaɓa na motarsa, ya sake nuna jirgin, ya sake zaɓa. Kafin in ɗaure zanen ya ɓace.

To, ni a rayuwata ruwan da na sani shi ne gulbin garinmu, wanda da rani yara ke wasa a cikinsa. Wannan kuwa ba a ganin ƙarshensa. Na zauna a kan jakata, na ce nan zan jira abin da Allah zai yi da ni. Ban yi niyyar kuka ba, shi ya zo da kansa.

“Maame, kai Hausa ne?”

Na ɗaga kai. Wata mace ce kakkaura da shuɗin kayan aiki da ɗankwali, tana riƙe da robar abinci.

Na ce, “Ni mace ce, 'yar nan.”

Ta fashe da dariya. “Na gani, Maame. Haka muke magana a Kumasi, kowa kai ne. Tashi, ina za ka?”

Sunanta Memuna, aikinta kula da tsofaffin Turawa a gidajensu. Da na ba ta labarin mai farar riga, ta dafe kai.

“Jirgin nan kyauta ne! Ko akuya ta zo za ta shiga. Allah ya isa, wallahi da na gan shi da na zauna a kansa.”

Ta riƙe hannuna har muka haye. Duk tsawon tafiyar idona a rufe yake, ina jan carbi, ita kuwa tana sa mini soyayyar ayaba a baki kamar yarinya. Da salularta ta kira Isuhu. Ya iso gida a Tompkinsville ya tarar da ni zaune a ƙofa, Memuna tana jiran sa da faɗa, ba ta taɓa ganin sa ba amma ta wanke shi tas.

Gidan Isuhu a sama yake, ɗaki biyu da taga mai kallon bangon maƙwabci. Da sassafe ya tafi Harlem inda yake sayar da huluna da gyale, sai in rage ni kaɗai. Babu carar zakara, babu sakar turmi, babu mai leƙowa ta katanga ta ce Dije kin tashi lafiya. In na buɗe taga warin mai nake ji. Na yi kewar ƙasa, ƙasa ta turɓaya, har wata rana na sauka na tsaya babu takalmi a gindin wata bishiya ta bakin titi, mutane suna kauce mini.

Lawali kuma ba ya nan. Lokacin ne ake tara su a sansanin horo, ƙetaren kogi, kafin a buɗe wasannin shekara. Isuhu ya yi mini bayani: an tara samari da yawa, amma ba duka za a riƙe ba. Ran da aka sa, za a sallami waɗanda ba a so. Wanda aka sallama, wani ya samu wata ƙungiya, wani kuma shi ke nan, sai ya koma neman aikin ɗaukar kaya. Bara Lawali yana cikin masu taya horo ne kawai, ba a fita da su ranar wasa. Bana ce shekarar da ko dai ya shiga ciki, ko a rufe masa ƙofa.

Kullum da yamma wasu maza masu kwat suna zama a talabijin suna tankaɗe 'yan ƙungiyar ɗaya bayan ɗaya, kamar mata suna tsintar wake. Su sa hoton mutum, su ce wannan zai tsaya, wannan gwiwarsa ta gaji, wannan mai jefa ƙwallon in an kare shi zai kai su nesa bana. Ran nan sai ga fuskar jikana, ta cika bango.

“Me suke cewa?”

Isuhu ya kawar da kai.

“Isuhu, ni na haife ka. Me suke cewa?”

“Sun ce yana da ƙarfi, yana da sauri. Amma sun ce ba shi da zafin zuciya, a wurin horo yana sanyi. Sun ce ƙafarsa ɗaya a waje take.”

Lawali, sanyi? Yaron da ya taɓa riƙe bijimin maƙwabcinmu ta ƙaho har aka kawo igiya? Na ce akwai magana.

Ranar hutunsu ya zo. Sai da ya sunkuya kafin ya shigo ƙofa. Ya durƙusa ya gaishe ni, ko a durƙushe ya fi ni tsawo.

Na ce, “Maigidana, ka bar ni shekara da shekaru ba cefane, yanzu ka dawo da wuya kamar turmi.”

Ya yi dariya, amma ba ta kai idonsa ba. Na tuƙa masa tuwo da miyar kuka da na zo da ita, ya ci loma kaɗan ya janye hannu. Na bari ubansa ya sauka ƙasa, sannan na ce ya faɗa mini.

“Inna, akwai wani mutum a tim ɗinmu. Ya girme ni sosai, ya daɗe yana wasa.” Ya faɗi sunansa, sunan ya fi ƙarfin bakina, ni Dattijo nake ce masa. “Bara da na ji ciwo a gwiwa, a gidansa na zauna. Shi ke kai ni asibiti. Matarsa ta ware mini tukunya daban saboda naman alade. Shi ya koya mini yadda ake sa hannu, yadda ake sa ƙafa.”

“Allah ya saka masa. Sai me?”

“Aikina in ture mai tare hanya, in wuce in kama mai jefa ƙwallo. Aikinsa shi ne tare hanyar. Kowace safiya koci yana haɗa mu, ni da shi, kamara tana ɗauka, manya suna kallo. Shi ma ana cewa ya tsufa. In na kayar da shi, na nuna musu gaskiya ne. Yana da iyali, Inna. In na zo kusa da shi sai hannuna ya mutu. Ke kika hana ni ɗaga hannu ga wanda ya girme ni, balle wanda na ci abincin gidansa.”

Na ce, “Ni na hana ka, kuma ban janye ba.”

Ya dube ni kamar na rufe masa ƙofa ta biyu.

Abin da Lawali bai sani ba, don ya bar gida da ƙuruciya, shi ne hanin yana da hanyar fita. Marigayi kakansa ɗan kokawa ne. A garinmu yaro ba ya kama wanda ya rene shi a fage, ko da sarki ne ya haɗa su. Sai dai in manyan yaron sun kai wa babban goro, sun nemi izini. In ya karɓa, ya fasa, ya ci rabi, ya ba yaron rabi, to ya sake shi ke nan. Daga ranar duk abin da ya faru a fage ba raini ba ne. In kuma ya mayar da goron, yaro ya haƙura har abada.

Na ce wa Isuhu ya kai ni inda ake sayar da goro. Ya kai ni Harlem, wani titi da na ji Zabarmanci da Faransanci da Hausa suna tashi kamar kasuwar gida, teloli suna ta ɗinki, ana kiran salla daga wani bene. Nan na fara numfashi sosai tun zuwana. Na zaɓi farin goro manya, marasa tabo, na sa aka naɗe mini. A hanya na gaya masa abin da zan yi. Ya tsaya cak.

“Inna, nan ba Maradi ba ce. Mutumin nan Ba'amurke ne, bai san goro ba. Za ki je gaban jama'a ki ce masa jikana yana jin tausayinka? In ya ji haushi fa? In koci ya ji cewa da gangan Lawali yake sassautawa? Ranar za su kore shi.”

“In ya ƙi, ya ƙi. Amma a tambaye shi.”

“Ni dai ba zan fassara ba.”

“Ban roƙe ka ba.”

Memuna na kira. Ta ce, “Maame, ni ko gaban shugaban ƙasa za ka, sa takalmi.”

Akwai ranakun da ake barin iyalai su shiga kallon horo. Muka hau jirgin ruwa, muka hau na ƙasa, muka hau bas, ƙafafuna suka kumbura. Muka tarar da fili kore shar, an ja igiya, jama'a a bayanta. Duk sun rufe fuska, ban gane kowa ba, sai da Memuna ta nuna mini lambar bayansa. Amma da ya motsa na gane tafiyar kakansa.

Na ga abin da idona. In aka haɗa shi da wani, sai ka ji ƙara kamar an sare icce, kafin ka ƙifta ya wuce. In aka haɗa shi da Dattijo, sai ya tafi kamar mai tura ƙofar ɗakin surukai. Wani mai gajeren wando da usur a wuya ya cire hularsa ya buga da ƙasa.

Da aka tashi, 'yan wasan suka matso bakin igiya suna gaisawa da mutane. Memuna ta buɗe murya ta kira sunan Dattijo, kiran da na tabbata an ji shi a Kumasi. Ya juyo, ya taho yana ɗan ɗingishi. Baƙin mutum ne kamar mu, da furfura a gemu, gumi yana zuba daga gare shi. Lawali ya hango ni daga nesa, ya daskare a inda yake.

Na durƙusa, don mai roƙo ba ya tsayawa. Mutumin ya firgita, ya zube shi ma a kan gwiwa ɗaya, da ƙyar, na ji ƙashinsa ya yi ƙara. Na buɗe goron. Na gode masa a kan ɗakin da ya ba jikana, da tukunyar da matarsa ta ware. Na gaya masa ko wane ne kakan yaron, da yadda ake yi a fagenmu. Na ce yaron nan ba rago ba ne, kunyarka yake ji, kuma ni na sa masa ita. Na zo neman izini. In ka ba shi, mun gode. In ka hana, ba za mu ga laifinka ba, abincinka ne kake karewa.

Na yi magana mai tsawon igiyar rijiya, Memuna ta mayar da ita cikin numfashi biyu.

“Memuna, duka kin faɗa?”

“Maame, Turanci ba shi da kwana-kwana.”

Dattijo ya daɗe yana kallon goron. Maganar Isuhu tana dawo mini. Sannan ya yi magana a hankali, Memuna tana juya mini, wannan karon ba ta rage komai ba.

“Ya ce ya sani tun tuni. Ya ce yana jin hannun yaron yana saki a ƙirjinsa, kuma abin ya fi masa ciwo a kan faɗuwa. Ya ce tun yana saurayi yake wannan aiki, ba wanda ya taɓa riƙe shi kamar ƙwai sai yanzu. In zai bar fili, yana so a fitar da shi da ƙarfi, ba a lallaɓa shi ba. Ya ce yaya ake yi da wannan abu?”

Na nuna masa. Ya sa babban yatsa ya fasa goron, ya jefa rabi a baki gaba ɗaya, ya tauna. Jama'a, ban taɓa ganin fuska ta tattare haka ba. Abokansa da suka taru suka kwashe da dariya, wani har da faɗuwa. Amma bai tofar ba. Ya haɗiye, hawaye a idonsa, ya miƙe, ya daka wa Lawali kira. Ya danƙa masa ɗaya rabin, ya jira ya ci, sannan ya kama shi ta wuyan riga ya faɗa masa wata magana a fuska.

“Me ya ce?”

“Wannan ba na kunnen tsofaffi ba ne, Maame.”

Da ranar kallo ta sake zagayowa na koma, wannan karon Isuhu ya rufe tebur ya bi mu, yana ta gunaguni. Aka haɗa Lawali da Dattijo. Usur ya tashi. Lawali ya shiga ƙarƙashinsa, ya ɗaga shi daga ƙasa, ya tafi da shi baya, baya, har suka zube. Filin ya yi tsit, sannan ya ɓarke. Lawali ya miƙa hannu ya tashe shi. Aka sake haɗa su, Dattijo ya murɗe shi ya kifa shi da fuska a ciyawa, ya tsaya a kansa yana dariya. Aka sake, Lawali ya wuce. Haka suka yi ta yi kamar masu gaba. Isuhu ya manta gunaguninsa, yana tsalle yana cewa ɗana ne, ɗana ne, ga Turawan da ba su tambaye shi ba.

Bayan nan aka yi wasan gwaji da wata ƙungiya, muka kalla a talabijin. Ban fahimci lissafinsu ba har yau, amma na ga jikana ya ratsa mutum biyu ya rungume mai jefa ƙwallonsu ya kwantar da shi. Washegari masu kwat suka sake sa hotonsa. Ban nemi fassara ba, na ga yadda suke gyaɗa kai.

Sai ranar sallama ta zo. Al'adarsu a juye take: in an kira ka, an kore ka. In an yi shiru har la'asar, ka tsaya. Ni da na saba mai albishir shi ke zuwa da gudu, ranar na zauna ina roƙon Allah kada kowa ya tuna da mu. Lawali ya aje salularsa a kan faranti a tsakiyar ɗaki, muka kewaye ta, ni da shi da ubansa da Memuna. Ba mai ci, ba mai sha.

Bayan azahar ta yi ƙara. Lawali ya rufe fuska. Isuhu ya ɗauka, ya saurara, sai ya daka tsawa: “Kai Habu, don Allah kashe! Ba yanzu ba!” Ɗan ƙanwata ne daga Maradi, yana tambaya ko an ji labari.

Da lokacin salla ya yi na tashi na kabbara, na bar su da farantinsu. Ina sallamewa na juyo, na ga Lawali ya kifa goshi a ƙasa, kafaɗunsa suna girgiza, ubansa ya rungume shi ta baya. Memuna ta ce, “Maame, lokaci ya wuce. Ba su kira ba.”

Na tashi na buɗe tagar nan mai kallon bango, na rangaɗa guɗa irin wadda ban yi ba tun ran da kakansa ya kayar da gwanin Tasawa. Maƙwabciyarmu ta buga ƙofa a tsorace, Memuna ta jawo ta ciki ta cika mata faranti.

Dattijo kuwa an kira shi. Lawali ya ji kafin magariba, murnarsa ta koma ciki. Na ce ya tashi ya je, ba a barin mutum shi kaɗai a rana irin wannan. Ya tafi yana jan ƙafa. Da ya dawo ya ce ya same shi a bayan gida yana gasa nama, 'ya'yansa suna hawa kansa. Dattijo ya ce a gaya mini gwiwoyinsa sun daɗe suna roƙon hutu, shi ne yake toshe kunne. Ya ce kuma wasan farko na shekara, kujerar da ke kusa da tawa tasa ce.

Haka aka yi. Filin ya fi garinmu jama'a, ƙara kamar sama za ta faɗo. Memuna tana wurin aiki, Isuhu yana can wani layi, ba mai fassara tsakanina da Dattijo. Ya riƙe mini jaka, ya nuna mini inda zan duba. Samarin suka fito da gudu ta cikin hayaƙi, ga Lawali a tsakiyarsu cikin rigar da ya kira ni in gani. Aka jera, aka sunkuya. Dattijo ya daina numfashi, hannunsa yana motsi a kan gwiwarsa kamar shi ne a ciki. Da yaron ya fasa layin ya wuce, ban san lokacin da muka miƙe ba, ni da shi, ni ina guɗa, shi yana ruri yana dukan ƙirji, yana gaya wa duk wanda ke kusa, da yarensa, abin da ni ma nake faɗa da nawa.